Daga Bakin Shago: Yadda Na Kusa Cin Amanar Auta a Kan Shuka Mai Cin Ƙwari

Makon nan za mu ɗan ajiye maganar canjin kuɗi da kuɗin fito, mu shiga tsakar gida. Dalili kuwa, wani ɗan'uwa mai sayar da takalma ya zo daga Duwala ya sauka wurina a nan Kumasi, ya ga wasu tukwane rataye a barandata, ya tsaya yana ta salati. Da ya koma sai ya baza labari, sai ga saƙonni suna ta shigo mini: wai da gaske ne Alhaji yana kiwon shukar da ke cin nama? A ina ake samun irinta? Tana maganin sauro? Za ta yi kasuwa? To, bari in haɗa amsar wuri ɗaya. Amma sai na fara da tona asirin kaina, don a nan darasin yake.

Yadda ta shigo gidana

Shekara uku ke nan da suka wuce na je Tema fitar da kaya. A hanyar dawowa na biyo ta Ankara, babban birninmu na Gana, na tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Can na hango wata shuka a rataye, ganyenta dogaye kamar na mangwaro. A ƙarshen kowane ganye akwai zare, a ƙarshen zaren kuma ga ɗan tulu ja-ja har da murfinsa. Na leƙa cikin ɗaya, sai na ga ruwa da gawar tururuwa fal. Mai furen ya ce ai ita ce ta kama su. Na ce, "Kai malam, ka ji tsoron Allah." Ya rantse. Gani ya kori ji, na saya. Kuɗin da na biya kuwa ba zan faɗa ba, don uwargida tana karanta wannan shafi.

Ina isa gida autata ta karɓe ta, lokacin tana shekara 12. Ita ta raɗa mata suna Mai Tulu. Mai furen ya ja mini kunne cewa ruwan sama kaɗai ake ba ta, ni kuma na isar da saƙon na manta da shi. Yarinyar ce ta riƙe. In hadari ya haɗo, kafin kowa ya tuna da shanya ita ta fito da robobi. Cikin shekara ɗaya shukar ta miƙe ta fi mita ɗaya, tuluna goma sha wani abu suna reto.

Sai dogon hutu ya zo, za su tafi Kano da mahaifiyarta gaida kaka, tafiyar mako shida. Ta cika jarkoki biyu da ruwan sama, ta jera su a ƙarƙashin baranda, ta ce, "Baba, amana ce fa. Wannan ruwan kawai. Kada ka ba ta komai." Na ce, "Ke tafi abinki, wanda ya riƙe dukiyar mutane shekara talatin, ganye ne zai gagare shi?"

Mako na farko yaron shagona ya zo gida ɗaukar kaya, ya ga jarkoki, ya wanke mota da su. Watan Agusta ne, lokacin da ruwa ke ɗan ɗaukewa a Kumasi kafin na Satumba ya dawo. Na ce ai ruwa ruwa ne, na koma ba ta na bohol. Na duba tukunyar na ga babu ƙasar kirki a ciki, sai wani abu kamar soso. Tausayi ya kama ni, na karɓo takin kaji wurin maƙwabci na zuba mata. Da daddare kuma in na sayo tsire, wanda a nan muke kira cicinga, sai in yagi kaɗan in jefa cikin tulunan. Ni a tunanina gata nake yi mata, yarinya ta dawo ta tarar da ita ta yi ƙiba.

Kafin mako uku bakin ganyen ya soma ƙonewa. Tulunan suka ruɓe, suna wari, ƙudaje suna bi. Gindin ya yi baƙi. Ranar da suka dawo, auta ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi baranda. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Baba, ba na ce maka amana ba ce?" Wallahi a duk shekaruna na kasuwa babu mai bin bashin da ya taɓa sa na rasa inda zan sa idona kamar ranar.

Abin da ya cece ni shi ne kan shukar, kamar kamu biyu, yana nan kore. Malamin kimiyyarsu ya gaya mata a yanke shi tun kafin ruɓar ta hau. Muka yanka gida huɗu muka dasa, biyu suka kama. Daga biyun nan, da wasu iri da muka ƙaro daga baya, yau tukunya 14 gare mu. Tun daga lokacin nake bin karatun abin, ga kuma abin da na koya.

Me ya sa gata ke kashe ta

Tsire-tsire masu cin ƙwari sun haura iri 600 a duniya, kuma kusan dukansu abu ɗaya ya haɗa su: suna fitowa ne a wurin da ƙasa ba ta da abinci, fadamu masu tsami, yashi mai jiƙa, kan duwatsun da ruwa ya wanke. Abincinsu na ainihi irin na kowane tsiro ne, hasken rana da iska da ruwa. Ƙwarin da suke kamawa taki ne a wurinsu, daga jikinsu suke samun naitirojin da fosfaros da ƙasa ta hana su. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1875, inda ya nuna da gwaji cewa da gaske suna narkar da abin da suka kama.

To, tun da saiwarsu ta saba da talauci, ba ta iya ɗaukar gishirin ma'adinan da ke cikin taki ko ruwan rijiya. Yana taruwa a tukunya ya ƙone saiwar. Nama kuma mai kitse da gishiri da yaji ya fi ƙarfin tulun, sai ya ruɓe. Ka ga ke nan abu uku na yi, kowanne yana cutar da ita.

Iri uku ne aka fi samu a hannun masu furanni. Na farko Mai Tulu, wadda masana ke kira Nepenthes. Gidanta dazuzzukan Borniyo da Sumatara da Filifin, akwai kuma a Madagaska da Siri Lanka da Indiya. Bakin tulun yana da zaƙi da santsi, ƙwaro ya zo lasa sai ya zame ya faɗa. A dutsen Kinabalu na Borniyo akwai wata mai suna Nepenthes rajah da tulunta kan ɗauki ruwa fiye da lita 2, har ɓera an sha tararwa a ciki. Na biyu Mai Raɓa, wato Drosera. Ganyenta yana da gashi, a kan kowane gashi akwai ɗigo mai ƙyalli kamar raɓar safe, alhali danƙo ne. Ƙwaro ya sauka ya manne. Na uku Tarkon Ƙuda, wato Dionaea, wadda yara suke gani a waya, mai baki da haƙora yana rufewa.

Kada kuma a ɗauka duk kayan ƙasar waje ne. A tafkuna da kududdufan Afirka ta Yamma akwai Utricularia, wadda ke yawo cikin ruwa da 'yan jakunkuna masu zuƙe ƙananan halittu. Akwai Mai Raɓa iri-iri a fadamun Afirka. A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Gini da Kodebuwa kuma akwai wata mai yaɗo, Triphyophyllum, da ba ta cin ƙwari sai a wani lokaci na rayuwarta. A 2023 masana daga jami'o'i biyu na Jamus suka gano cewa ƙarancin fosfaros ne ke sa ta fitar da ganyen kamu. In ta ƙoshi, ba ruwanta da kowa.

Ruwa kafin shuka

Wanda bai tanadi ruwa ba, kada ya sayi shuka. Ruwan da suke sha uku ne. Akwai ruwan sama. Akwai ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda yawancinmu muke bari yana zuba a bayan shago. Akwai kuma tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, amma fa a kula, farin ruwan zalla, ba mai asid ba. Ruwan famfo da na rijiya da na bohol yawanci suna da ma'adinai da yawa. Tafasawa ba ta fitar da su, sai ma ta ƙara musu kauri.

In za ka tari ruwan sama daga kwano, bar na farko ya wanke ƙura ya wuce. Ka adana a duron roba ko jarka, ba a tankin siminti ba, don siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa. Ka rufe shi da kyau, kada garin neman maganin ƙwari ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Akwai wani ɗan ma'auni kamar biro da masu harkar ruwan leda ke amfani da shi, ana ce masa TDS. Ka tsoma shi a ruwa, in lambar ba ta kai 50 ba, ruwan ya yi. Ranar da muka auna na bohol ɗinmu na ga lambar, sai na sake jin kunya.

Abin dasawa

Ƙasar lambu ba ta yi, haka ma baƙar ƙasar da masu furanni ke sayarwa a buhu, don da taki a ciki. Abin da masu kiwonsu a duniya suka fi amfani da shi shi ne wata gansakukar fadama mai suna sifagnam, ko dai busasshiya mai dogon zare, ko ruɓaɓɓiyarta da ake kira fit. Ana haɗa fit ɗin rabi da rabi da falayit, wani farin dutse mara nauyi kamar gugguru, ko da yashi mai tsabta. In yashi ne, banda na bakin teku. Ka ɗiga masa binega, in ya yi kumfa ka zubar, in bai yi ba ka wanke shi sosai.

Waɗannan kaya suna da tsada a wurinmu. Abin da muke da shi a banza shi ne ɓawon kwakwa, kuma Mai Tulu tana karɓarsa. A sassara shi ƙanana kamar goro, a jiƙa cikin ruwan sama, kullum a zubar a sake sabo, har mako biyu ko fiye, sai ruwan ya daina ja kuma ma'aunin ya sauko. Wanda ya yi gaggawa a nan ya yi asara, don ɓawon kwakwa yana riƙe gishiri. Mai Raɓa da Tarkon Ƙuda kuwa sun fi tsantseni, gara ka nema musu fit. Tukunya ta roba ce mai huji a ƙasa. Ta yumɓu tana tsotse ruwa ta tara gishiri.

Yankan Mai Tulu

Duk wanda ya taɓa dasa rogo ko rake ya san rabin aikin. A jikin karan, a saman inda kowane ganye ya fito, akwai ɗan ido. Daga nan sabon reshe ke fitowa.

Ka jira sai shukar ta miƙe ta yi kara mai tsawo, zai fi kyau ma in ta fitar da 'ya a gindi, don in ka yanke sama uwar ta sami abin ci gaba. Ka sami sabuwar reza, ka yanki koren kara, ba tsohon da ya zama ice ba. Kowane yanki ya kasance da gaɓa biyu ko uku. Ka cire ganyen ƙasa, sauran kuma ka rage kowanne rabi, don kara marar saiwa ba zai iya shayar da cikakken ganye ba. Ka soke gaɓar ƙasa cikin jiƙaƙƙen sifagnam ko ɓawon kwakwa, ka tabbatar yankin bai juye ba, samansa yana sama. Sannan ka kifa farar leda a kan tukunyar, ka ɗaure, ka ajiye inda haske yake da yawa amma rana ba ta bugawa kai tsaye. Leda a cikin rana tukunyar dahuwa ce.

Daga nan sai haƙuri. Saiwa takan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Bayan kwana uku-uku ka buɗe ledar iska ta shiga, in ka ga fumfuna ka cire wurin. Alamar kamawa ita ce idon nan ya kumbura ya fito da ɗan kore. Kada ka tumɓuke don ka duba. Daga cikin huɗun nan namu na farko, ɗaya ni na kashe shi da leƙe. Na ciro shi na ga wasu baƙaƙen zare sirara kamar gashi, na ce ai ruɓa ce, na goge. Ashe saiwar ke nan, haka Allah Ya yi ta, baƙa kuma mai saurin karyewa.

In sabon ganye biyu ko uku sun fito, kada ka cire ledar rana ɗaya. Ka riƙa huda ta kaɗan-kaɗan har tsawon mako biyu, shukar ta saba da iskar waje. Mai Tulu tana son jiƙa, amma ba ta son zama cikin ruwa. A zuba ta sama ya tsiyaye ta ƙasa.

Wani abin da ya ba ni mamaki: Mai Tulu akwai namiji akwai mace, kamar dabino. Duk yankan da ka yi daga uwa ɗaya jinsinsu ɗaya, ko sun kai ɗari ba za su ba ka iri ba. Shi ya sa ga mai yi a gida yanka ita ce hanya.

Mai Raɓa: ganye ɗaya, 'ya'ya da yawa

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita na fi ba yara shawara. Ka yanki lafiyayyen ganye guda daga gindinsa, ka sa shi cikin kwalba mai tsabta da ruwan sama, ka rufe, ka ajiye a wuri mai haske ba cikin rana ba. In ruwan ya gurɓace ka canza. Bayan mako uku zuwa shida za ka ga wasu 'yan ɗigo kore suna fitowa a jikin ganyen, kowanne sabuwar shuka ce. Sun fitar da 'yan ganye sai ka ɗauko ganyen gaba ɗaya ka kwantar a kan jiƙaƙƙen fit, ka rufe da leda har su kafu. Auta ta taɓa samun bakwai daga ganye ɗaya, ta kira ni a waya ina tsakiyar ciniki don ta gaya mini.

Tana kuma yin iri, ƙanana kamar garin barkono. Ba a binne shi. A barbaɗa a saman fit, a rufe da leda, cikin mako biyu zuwa shida ya tsiro. Ita Mai Raɓa, saɓanin Mai Tulu, tana son ƙafarta cikin ruwa: a ɗora tukunyar a faranti mai ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa, kada a bari ya ƙafe. Tana kuma son rana fiye da Mai Tulu. In ka ga raɓar ta ɗauke, yawanci haske ne ya yi kaɗan.

A kula da irin da za a saya. Wadda ta fi yawa a kasuwar duniya, Drosera capensis, 'yar yankin Kef ce a Afirka ta Kudu, kuma zafi mai tsanani yana wahalar da ita. Mutanen tudu irin su Ngawundare da Bamenda da Jos za su fi jin daɗinta. Mu na ƙasa-ƙasa gara mu nemi Drosera spatulata ko Drosera burmannii, waɗanda suka san zafi. Ta biyun ba ta da tsawon rai, amma tana zubar da iri da yawa kafin ta tafi.

Tarkon Ƙuda: kyakkyawa mai wuyar sha'ani

Ita kowa ke tambaya, ita kuma na fi jan kunne a kanta. A duk duniya ba ta fitowa da kanta sai a wani ɗan yanki na jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmintin. A cikin bakinta akwai 'yan gashi. Sai an taɓa sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 sannan ta rufe, don kada ɗigon ruwan sama ya yaudare ta. In abin da ta kama ya ci gaba da motsi, sai ta matse ta soma narkarwa, ta yi kamar mako ɗaya ko fiye kafin ta buɗe. Kowane baki sau kaɗan yake rufewa a rayuwarsa sannan ya mutu. Saboda haka yaran da ke tsokanarta da tsinke suna cinye mata jari ne.

Yaɗa ta ba wuya. In ta yi 'ya'ya a gindi, a zazzage tukunyar a raba su da hannu, kowanne da saiwarsa. Ko kuma a ja ganye ɗaya ƙasa a hankali har ya ɓalle tare da ɗan farin gindinsa, a kwantar a kan fit, a rufe farin kaɗan, a jira wata ɗaya zuwa biyu. In babu farin nan ba zai tsiro ba. Daga iri kuwa, shekara uku zuwa biyar kafin ta girma.

Matsalar ita ce sanyi. A ƙasarsu takan yi barcin hunturu kamar wata uku kowace shekara, cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba. In ba ta samu ba, sai ta riƙa ramewa shekara bayan shekara har ta tafi. Masu kiwonta a ƙasashen zafi suna sa ta a leda su ajiye a firij, ɓangaren kayan miya, ba na ƙanƙara ba. Mun gwada. Uwargida ta buɗe firij ta ga leda, ta ce, "Alhaji, yanzu kuma ciyawa ce za ta raba wuri da nama?" Ga kuma ɗauke wuta. Biyu muka saka, ɗaya ta fito da rai. Wanda wutar unguwarsu ba ta tsayawa, ya bar wa masu ita.

Wane gari, wace shuka

'Yan'uwa na Duwala da Abijan da Kwatano da mu na Kumasi, iskarmu tana da laima, Mai Tulu ta ƙasa-ƙasa za ta zauna a baranda ko ƙarƙashin bishiya inda ranar safe ke taɓawa. Ku tambayi mai sayarwa, don akwai na kan duwatsu masu buƙatar sanyin dare, waɗannan ba namu ba ne. Lokacin hunturu mukan tattara namu wuri ɗaya kusa da daron ruwa, mu kare su daga iska. Tuluna sukan bushe, ba mutuwa ba ce, damina na dawowa sababbi za su fito.

Na Yamai da Maraɗi da Injamena da Marwa da Tamale kuwa, gaskiya ɗaya ce: busasshiyar iska da zafin bazara ba za su bar ta a fili ba. Sai dai cikin akwatin gilashi ko babbar farar roba mai murfi, a ɗaki mai haske da sanyi-sanyi, ga kuma tanadin ruwan wata bakwai ko takwas. In hakan zai yi nauyi, babu laifi a haƙura.

Maganar sauro da maganar kasuwa

Ba ta maganin sauro. In faɗa da babbar murya. Mai Tulu tururuwa da ƙudaje da wani lokaci kyankyaso take samu. Mai Raɓa tana kama 'yan ƙananan ƙudajen da ke bin ayaba, sauro kuwa sai wanda tsautsayi ya kai. Kada wani ya naɗe gidan sauron yaransa don ya sayi shuka. In tana waje kuma ba ta buƙatar ka ciyar da ita, ta fi ka iya farauta.

Masu tunanin sari, ku ji wannan. Mai Tulu da Tarkon Ƙuda duk suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Tsallaka iyaka da su yana buƙatar takardu, har da takardar shaidar lafiyar tsiro. Wanda ya cusa su cikin kwali tsakanin atamfofi, in kwastan suka kama, ya jawo wa sauran kayansa. A Karolina ta Arewa, tun Disamban 2014 tonon Tarkon Ƙuda daga daji ba izini babban laifi ne mai kai mutum kurkuku, saboda ɓarayi sun yi mata ɓarna. Wannan ma wani dalili ne na yaɗawa a gida: abin da ka yanka daga tukunyarka halalinka ne, ba ka rage wa dajin kowa ba. Haka nan in ka ga Mai Raɓa a fadama a kan hanya, ka ɗauki hoto ka bar ta a inda take.

A yi hattara kuma da masu tallar iri a intanet da hoton shuka shuɗiya ko mai kala bakwai. Babu Tarkon Ƙuda shuɗi. Irinta na gaskiya baƙi ne mai sheƙi, ƙarami, mai siffar ɗigon ruwa. Araha ba ta ado.

Riba fa? Akwai, amma 'yar kaɗan ce kuma mai jinkiri. Daga yanka zuwa tukunyar da za a iya sayarwa da tulunanta, ka ba ta kusan shekara. Masu saye ba su da yawa: masu furanni, malaman makaranta, da masu sha'awa. Auta ta sayar da uku bara, ta sayi ma'aunin ruwa da littafin lissafi. A shafin farko ta rubuta sunana cikin masu bashi, an bi ni uwa ɗaya mai tuluna goma sha uku. Na nemi ragi, ta ce ba a ragi a amana.

Shawarata ga wanda yake da ita tukunya ɗaya tak: kada ka jira sai ta soma ciwo. Yau da take lafiya ka yanka, ka mai da ita biyu, ka kai ɗaya gidan wani amintacce. Mu 'yan kasuwa mun san abin da ke samun wanda ya loda duk jarinsa a mota ɗaya. Ni sa'a na ci, kamu biyu na kore suka rage mini. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya fara da duro da damina. In hunturu ya zo ya tarar da ruwanka bai ƙare ba, kuma yaron shago bai wanke mota da shi ba, to ka isa riƙon Mai Tulu.

A gidana dai har yau doka tana nan: shuɗiyar jarka ba mai taɓa ta sai da izinin auta, har da mai gidan.

Masu tambaya a kan kuɗin ajiyar kaya a tashar jirgin ruwa, na ga saƙonninku, a kansa za mu zauna mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amana babba da ƙarama. Wassalam.